Ba Ita Ba Ce, Shi Ne

Har yau idan na shiga Adaidaita Sahu na tarar direba ya saka karatun Alƙur'ani, sai na kasa kunne na ji wace sura ce kafin hankalina ya kwanta. In Yusuf ce ko Maryam, sai in gyara zama in riƙa bin sa a zuci. In kuwa na ji an taso da "Wassaffati saffa", nan take tafin hannuna zai jiƙe, ƙirjina ya ɗaure kamar an ɗora min turmi, in ce wa direba ya sauke ni ko da ban kai rabin hanya ba. Na sha biyan kuɗin mota cikakke in ƙarasa a ƙafa. Ni Musulma ce 'yar Musulmi, na yi saukar Alƙur'ani ina da shekara 15. Wanda ya bar ni da wannan tabo kuwa ba boka ba ne, ba ɗan bori ba ne. Mutum ne mai daɗin ƙira'a, wanda in ya ja ku salla za ku so kada ya yi ruku'u.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, a cikin birnin Kano. Baba yana da teburin atamfa a Kantin Kwari. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Umma kuma kunyar ɗan fari ta hana ta faɗar sunan, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta jan ni a jiki a gaban mutane, ba ta shiga faɗana. Na ambaci wannan ne don ya yi tasiri a abin da ya biyo baya.

Ciwon ya fara ne a 2010, ina aji biyu na babbar sakandare. Wani abu ne yake taso min daga ciki, kamar iska mai sanyi tana hawowa daga cibiya zuwa maƙogwaro. Sai in ji warin ƙonanniyar roba wanda ba mai jin sa sai ni. Sai in ga kamar duk abin da ke faruwa a gabana ya taɓa faruwa, har maganar da malamin aji zai yi. Daga nan sai ɗif. Ƙawayena su ne suke gaya min cewa ina ƙura wa waje ɗaya ido, ina motsa baki kamar mai cin goro, ina tsintar zaren hijabina, a kira ni ba na amsawa. Bayan minti ɗaya ko biyu sai in dawo a gajiye, kaina yana sara. Wata huɗu ana haka, ran nan na yanke jiki na faɗi a tsakar gida, na ciji harshena, kumfa ta fito.

Kafin a yi magariba kowa a layinmu ya yanke hukunci. Wannan ta ce gamo na yi. Waccan ta ce na zubar da ruwan zafi a makwarara ba bisimilla. Wata ta ce yawan zama da kai ba ɗankwali ne. Kalmar farfaɗiya ba wanda ya furta ta, don a wurinmu wannan kalma ta fi aljani muni: mai aljanu a yi mata magani ta yi aure, mai farfaɗiya kuwa har kofin shan ruwanta ake warewa. Ina jin iyayena da kansu sun fi son a ce aljani ne.

Ba na musun aljanu, sura guda aka saukar da sunansu. Ba na musun ruƙiyya, Annabi (SAW) ya yi ta, ya kuma yarda a yi. Abin da aka yi min da sunanta nake ba da labari.

A rediyo Baba ya ji tallar Malam. Ranar wata Asabar ya haƙura da kasuwa, ya ɗauki shatar mota muka tafi, ni da shi da Umma. Gidan yana bayan gari. Rumfar kwano ce babba a tsakar gida an shimfiɗa tabarmi, mata sun fi 40 a zazzaune, wasu da goyo, wata an ɗaure mata hannu da ɗankwalinta. A gefe ga kanta cike da kwalabe: man zaitun, man habbatus sauda, zuma, garin magarya, miski, da wasu ƙulle-ƙulle da ba a rubuta musu suna ba. Aka yanka mana kati naira 500.

Da layi ya zo kaina aka shigar da ni ɗaki. Yaransa biyu, samari, suka riƙe min hannu da ƙafa. Na waiga na kalli Baba, don tun da na girma namijin da ba muharramina ba bai taɓa riƙe ni ba. Baba ya sunkuyar da kai. Malam ya ɗiga min wani ruwa a hanci, zafinsa har tsakiyar kai, hawaye da majina suka haɗe. Ya kafa min bakin lasifika a kunne ya fara karatu: Fatiha, Ayatul Kursiyyu, ƙarshen Baƙara, farkon Saffat, ƙarshen Muminun. Yana karatu yana tsula min dorina a tafin ƙafa.

"Wane ne kai? Yi magana!"

"Malam ni ce. Wallahi ni ce."

Ya juya wajen Baba. "Ka ji ko Alhaji? Haka suke, makirai ne. Ya ɓuya a bayan muryarta."

Dorina ta ci gaba da sauka. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Annabi, duk roƙon da na yi sai ya ƙara ƙarfin hannunsa. Can na fahimci ba za a daina ba sai wani ya amsa ta bakina, kuma ba kowa a cikina sai ni. Sai na shaƙe murya na ce, "Sunana Duna." Suna ne da na taɓa ji a bakin kakata in tana ba mu labarin 'yan bori na zamaninsu. Nan take dukan ya tsaya.

Sauran tambayoyin ba su yi min wuya ba, don amsar tana cikin tambayar. "A banɗaki ka shige ta ko?" In ce e. "Son ta kake ko?" In ce e. "Kai ba Musulmi ba ne ko?" In ce e. Ya laƙƙana wa Duna kalmar shahada, na maimaita. Ya rantsar da shi zai fita ta babban yatsan ƙafar hagu, na kaɗa yatsan, na saki jiki. Yaransa suka yi kabbara. Da na buɗe ido na ga Baba yana share hawaye da gefen babbar rigarsa, fuskarsa ta washe irin yadda rabon da in gan ta tun ranar da na fara faɗuwa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Uwata, an gano shi." Ta yaya zan kalli wannan fuska in ce ƙarya na yi?

Kwana tara tsakani ciwon ya dawo. Malam ya ce aljanin ya karya alkawari, ya kuma gayyato 'yan uwansa. Ya ce laifinmu ne: akwai hotuna a bangon falo, ana kallon talabijin, yarinya ba ta riƙe azkar. Aka sauke hotuna, aka sayar da talabijin. Tun daga nan duk warakar da ba ta samu ba laifinmu ce, duk kwana biyun da na yi lafiya kuma karamarsa ce.

Shekara huɗu muka yi a hannunsa. Zaman ruƙiyya na musamman naira 5,000 ne, banda kwalabe, banda ragon sadaka da a gidansa ake yankawa. Baba ya sayar da filin da ya saya don ƙannena maza. Malam ya ce hayaniyar makaranta tana tayar da aljanu, aka cire ni, 'yan ajinmu suka zana jarrabawar fita a 2011 ina gida. Ya ce kada a kuskura a kai ni asibiti, allura tana fusata su, in suka fusata sai su shanye min ɓarin jiki. Wani yaronsa ya ɗauki bidiyon ɗaya daga cikin zaman da waya, ina birgima ɗankwalina ya zame ina maganar Duna, aka riƙa tura wa juna a gari. Wata 'yar ajinmu ta gan shi a wayar yayanta. Bayan wannan ƙawayena suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Duka waɗannan asara ce da ake iya lissafawa. Abin da ya fi su ci min rai shi ne yadda ya raba ni da bakina. Tun daga zaman farko, duk maganar da ta fito daga gare ni wadda ba ta yi masa daɗi ba, ba tawa ba ce. In ce ƙafata ta kumbura ba na iya takawa: "Ba ita ba ce, shi ne, yana neman a sassauta masa." In ce ba na son zuwa: "Ai dama ba zai so ba, ƙuna yake sha." In yi kuka, aljani ne. In yi shiru, aljani ne ya yi taurin kai. Da na tattara ƙarfin hali na gaya wa Baba cewa ni na ƙirƙiri Duna don a daina dukana, washegari ya faɗa wa Malam, Malam ya yi murmushi ya ce wannan ita ce babbar dabararsu, su sa a yi zaton babu su. Ko ɓarawon da aka kama da kaya a hannu alƙali yana sauraron ta bakinsa. Ni a gidan ubana ba ni da ta cewa, don an riga an gaya wa iyayena cewa wani ne ke magana da harshena.

A shekara ta uku ya fara cewa aljanin jinnul ashiƙ ne, aljanin soyayya, wanda mutanenmu ke cewa namijin dare, kuma irinsa ba ya fita a gaban jama'a. Sai an bar shi da ni a ɗaki. Ya kuma riga ya share wa kansa hanya, ya ce wa Baba, "Alhaji, ka shirya. In ya kusa fita zai fara yi min ƙazafi ta bakinta. Haka suka yi wa malaman da suka fi ni." Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, ai mun ba ka amana."

Ba zan faɗi duk abin da ya faru a ɗakin nan ba. Yakan ce aljanin ya taru a ƙirji, ko a mara, sai an shafa man zaitun a wurin da hannun mai karatu. Bakinsa bai daina karatu ba duk lokacin da hannunsa yake jikina. Ayoyin da na haddace a gaban malaminmu na allo, waɗanda aka yanka min sa ranar da na sauke su, su nake ji a kunnena a wannan hali.

Na gaya wa Umma da daddare, a kicin, tana kwashe tuwo. Mara ta tsaya a hannunta. Ba ta kalle ni ba, ba ta ce min uffan ba, amma na ji ta cikin dare tana magana da Baba ƙasa-ƙasa, na ji ta ce, "Alhaji, yarinyar nan ba ta ƙarya." A iya sanina wannan ne karo na farko da ta tsaya min. Baba ya ce, "Ai ya faɗa. Ya ce za a rina." Da Gwaggo ta ji, sai ta ce wa Umma wace irin uwa ce ke rawar ƙafa a kan 'yar fari, ba kunya ba ta ido. Umma ta yi shiru. Abin da ta iya yi shi ne duk ranar da za a kai ni sai ta sa min siket biyu da riga mai dogon hannu, ta ɗaure min zani a kai tamau. Tana ɗaurewa hannunta yana rawa.

Akwai abin da na daɗe ina jin kunyar faɗa. Da tafiya ta yi nisa ni ma na yarda. In kowa a duniyarki yana ce miki ba ke ce ke magana ba, wata rana za ki wayi gari kina tambayar kanki. Na riƙa cewa to ko da gaske akwai shi? Ko tsanar da nake yi wa Malam ba tawa ba ce? Ko abin da nake ganin yana yi min a ɗaki aljanin ne yake nuna min? Na sha tashi cikin dare in yi istigfari saboda mugun zaton da na yi wa bawan Allah. Ya yi min abin da ya yi, ni kuma nake neman gafara.

A ƙarshen 2013 ya fito da abin da ke ransa. Ya ce duk namijin da ya aure ni aljanin zai halaka shi, sai wanda ke da tsarin ayoyi a jikinsa, kuma shi saboda Allah zai taimaka ya riƙe ni ta uku. Baba ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara da 'yan uwansa. Yawancinsu sun ce faɗuwa ta zo daidai da zama, wa zai ɗauke ta dama?

Wuta ce ta cece ni. Cikin hunturun farkon 2014 ina ɗora ruwan wanka a kan kurfoti, abin ya taso min, na faɗa kan gawayi. Hannuna na dama ya ƙone daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu kafin ƙanwata ta jawo ni. Baba yana kasuwa. Umma ba ta jira izinin kowa ba, ta yafa mayafi ta tare Adaidaita. A asibiti, wata likita matashiya tana wanke ƙunar take tambayar yadda aka yi. Umma ta ce, "Aljanu gare ta." Likitar ba ta yi gardama ba, ta ce, "To Mama, in za su zo yaya suke yi?" Umma ta fara bayani. Sai likitar ta juyo gare ni ta ce, "Ke fa, me kike ji kafin ya zo?" Na tsaya ina kallon ta. Shekara huɗu ba wanda ya tambaye ni abu yana jiran amsar ta fito daga ni kaina. Na gaya mata iskar da ke tasowa daga ciki, da warin roba. Ta ce, "Kina jin kamar abin da ke faruwa ya taɓa faruwa?" Ban gaya wa kowa wannan ba, ko Umma. Na fashe da kuka.

Ta tura mu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aka liƙa min wayoyi wajen 20 a fatar kai, na'ura ta zana yadda ƙwaƙwalwata ke aiki. Likitan ya ce farfaɗiya ce, irin wadda ke farawa daga ɓangaren ƙwaƙwalwa na gefe, saitin kunne, inda ake sarrafa wari da tunawa da tsoro. Shi ya sa mai ita yake jin warin da babu shi, yake ƙura ido yana motsa baki, ba lallai ya faɗi ba. Ya tambayi Umma ko na taɓa jijjiga ina ƙarama. Ta tuna cewa ina da shekara 3 na yi zazzaɓi mai zafi, na daɗe ina jijjiga kafin ta lafa. Ya ce ba mamaki tushen ke nan. Ya ce ba a ɗaukar ta ta yawu ko kumfa ko kofi, kuma in mutum ya faɗi kada a cusa masa cokali a baki, a kwantar da shi a kan gefensa a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Ya ce a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum wajen miliyan 50 ne ke da ita, kuma kusan 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha a kan ƙa'ida. Ya rubuta min Tegretol, safe da dare. Kuɗin maganin wata guda bai kai na zama ɗaya a wurin Malam ba. Aka ɗan yi ta gyara yawan ƙwayar na 'yan watanni, daga nan faɗuwa ta tsaya. Rabona da ita tun 2015.

Da Malam ya ji, ya aiko yaronsa da saƙo: mun yi watsi da Alƙur'ani mun kama maganin Nasara, duk abin da ya biyo baya mu kuka da kanmu. Wannan saƙo ya zauna a gidanmu shekaru. Ƙanina ya faɗi a babur ya karye, Gwaggo ta ce haƙƙin Malam ne. Kasuwar Baba ta ja baya, aka ce bakin Malam ne. Kawuna ƙanin Umma ya ce a kai ƙara Hisba, Baba ya ce in magana ta fita wa zai aure ni, kuma su wa za a yarda da su, mai tara ɗaruruwan mutane ko yarinyar da duk gari ya ga bidiyonta tana maganar aljanu? Wani dattijo a masallacin layinmu ya ƙara masa da cewa naman malamai dafi ne, a bar wa Allah. Na sha jin wannan magana daga baya, kuma kullum ina mamakin yadda ake tuna dafin naman malami a manta da cewa jikin 'yar mutane ma haramun ne.

Jiki ya warke, ƙuna ta zama tabo, sai ga wani ciwon da ban san da shi ba. Na kasa salla. In na tayar da kabbara na fara Fatiha sai in ji muryarsa a kan tawa, in ji warin man zaitun, ƙafafuna su ɗau rawa. Sai in sallame in zauna. Na fi shekara ina yin alwala ina shiga ɗaki in rufe ƙofa in zauna a kan dadduma, don kada a gane. Azumi ya zama min tashin hankali, don lasifikar kowane masallaci tana tashi da Tarawi da Tahajjud, ni kuma ina kwance na danne kunne da matashi. Abin da ya fi muni, na san me za a ce in aka gani: mai gudun Alƙur'ani ai aljani ne. Ya bar ni da alamar da za ta gaskata shi. Na zaci na kafirta. Na zaci Allah ya yi fushi da ni, kuma ba ni da wanda zan tambaya, don duk wanda zan tambaya malami ne.

A 2016 Umma ta matsa min na riƙa raka ta Islamiyyar matan aure da ke bayan layinmu. Ina zama can baya kusa da ƙofa. Malamar tsohuwa ce, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta amfani da lasifika. Suna karanta Riyadus Salihin, babin haƙuri, ran nan ta iso hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, na baƙar macen nan da ta zo wurin Annabi (SAW) ta ce tana faɗuwa, kuma in ta faɗi jikinta yana buɗewa, ya yi mata addu'a. Ya ce in ta so ta yi haƙuri tana da Aljanna, in ta so ya roƙa mata lafiya. Ta ce za ta yi haƙuri, amma ya roƙa mata Allah kada jikinta ya riƙa buɗewa. Ya roƙa mata.

Malama ta wuce hadisi na gaba, ni kuwa na tsaya a nan. Mace mai irin ciwona ta je gaban fiyayyen halitta, ta faɗi damuwarta da bakinta, ya saurare ta a matsayin ita ce ke magana. Ya ba ta zaɓi. Bai sa an danne ta ba, bai ɗaga mata bulala ba. Abin da ya dame ta shi ne suturarta, shi kuma ya tsare mata ita da addu'arsa. Bayan an tashi na tsaya har kowa ya watse, na durƙusa gaban Malama na gaya mata komai, har abin da ban faɗa a nan ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "'Yar nan, an zalunce ki. Namiji ya keɓe da macen da ba muharramarsa ba haramun ne, ko da Alƙur'ani yake karantawa, kuma shi ya fi kowa sanin haka." Ta ce in fara da abin da zan iya, ko da tasbihi ne, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Ta riƙa zaunar da ni kusa da ita tana biya min gajerun surori a hankali kamar 'yar shekara biyar, in jikina ya fara rawa ta tsaya ta ba ni ruwa. Wata bakwai muka yi a haka kafin na iya kai raka'a huɗu ban sallame ba.

A ƙarshen Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk shatar bulala, muna zaune da Baba ana nuna su a wayar ƙanina. Ba a yi wata guda ba aka sake fasa wani a Daura. Mutane suna ta cewa wane irin iyaye ne za su kai 'ya'yansu irin wannan wuri. Ni na san irinsu. Irin Baba ne, masu son 'ya'yansu, waɗanda tsoro ya kama, aka ce musu ga mai Alƙur'ani, su kuma an tarbiyyantar da su cewa ba a tambayar mai Alƙur'ani dalili. Baba ya kalli hotunan ya miƙa wa ƙanina wayarsa ya tashi ya shiga ɗaki. Bai fito sallar isha a masallaci ba ranar.

Bai taɓa ce min in yafe masa ba, kuma na daina jira. Amma tun 2014 bai taɓa bari wani ya sayo min magani ba. Ko bayan na yi aure, ko da mijina ya ce ya bar masa, duk ƙarshen wata zai zo da kansa da leda a aljihun babbar riga, ya zauna a kan tabarma ya ƙirga ƙwayoyin a gabana ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Uwata, sun cika 60." Sai ya kalli tabon hannuna ya kawar da kai.

Mijina ya san komai kafin a ɗaura, ni na gaya masa da bakina a zauren gidanmu. Na koma na zana jarrabawar da ta wuce ni, ina da shekara 24, a tsakiyar yaran da na girme su da shekara bakwai. Yanzu ina da 'ya mace ɗaya. Malam yana nan, rumfarsa ta zama bene, bidiyonsa yana yawo a Facebook da TikTok, mata suna birgima a gabansa ana rubuta "Allahu Akbar" a ƙasa. In na ci karo da irin wannan bidiyo ba fuskar matar nake kallo ba, babban yatsan ƙafarta nake kallo, in ga lokacin da za ta kaɗa shi. Sau biyu na samu lambar iyayen irin waɗannan 'yan mata ta hannun 'yan uwa na kira su. Uwa ɗaya ta saurare ni ta kai 'yarta asibiti. Ɗayar ta ce min, "Baiwar Allah, ki je a duba ki, da alama bai gama fita ba," ta kashe waya.

A azumin bana na ɗauki niyyar sauke Alƙur'ani da bakina, karo na farko tun ina budurwa. Na bi shi a hankali, na wuce Baƙara, na wuce ƙarshen Muminun da ƙyar, ina karantawa ina riƙe da gefen gado. Ranar 24 ga wata na gama Yasin, na juya shafi, ga Saffat. Na daɗe ina kallon ta. 'Yata tana kwance a cinyata tana wasa da carbi. Na karanta aya ta farko, na karanta ta biyu, a ta uku muryata ta ɗauke. Na sa tsinke a wurin na rufe. Yana nan a shafin har yanzu, a kan durowa kusa da ledar magani.